Littafin Ma'aji

Ni ke riƙe da littafin,
ba don na fi kowa lissafi ba,
sai don tun zamanmu na Naraguta
ni kaɗai ke tuna wa ya ranci garin wa.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin mutum huɗu.
Risho ɗaya, tukunya mai kunne guda,
da bargon Gyang da muke bi layi-layi
in sanyin Jos ya gangaro daga duwatsu
ya shiga ƙashi ba sallama.
Sabitu ya bar mu a aji uku.
Ba jarrabawa ce ta kayar da shi ba,
kuɗin rajista ne.
Mun haɗa, mun zazzage aljihu, mun sake haɗawa,
bai kai ba.
Ya saɓi jakarsa ya nufi tasha,
ya manta cokalinsa a cikin tukunya.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Yau da sunansa ake kiran asusun,
shi kuwa yana can Dilimi yana sayar da taya,
ya ce mu daina ajiye masa kujera a babban tebur.

Ranar gidauniya mun kama zaure a Rayfield.
Tumbi ya fito, furfura ta yi sallama,
mai aron sabulu jiya, yau direba ke buɗe masa ƙofa.
Barista Nanle ya karɓi makirfo: miliyan biyu!
Tafi ya zubo kamar ƙanƙara a kan kwano.
Na rubuta da fensir.
Alkawarin gaban kyamara fensir ne daidai da shi,
biro sai waya ta yi ƙara.

Kachollom, matar marigayi Dung, ba ta nemi makirfo ba.
A bakin ƙofa ta tare ni, ta kwance bakin zane:
dubu goma sha bakwai,
ribar dankali daga Farin Gada,
takardun da ƙanshin ƙasa a jikinsu.
Ta ce, sa a sunansa, kada layinsa ya kwana ba komai.
Wannan da biro.

Da dare, ni da fitila da wasiƙu arba'in da uku.
Kuɗin kuwa na mutum tara ne.
Ga 'yar mai gadi daga Bukuru, haɗa magunguna take so.
Ga wanda ramin kuza ya rufta da babansa,
ya rubuta hakan a layi ɗaya, ya wuce.
Ga mai tura baro a Taminus
da ya ci lissafi kamar tuwon sallah.
Masu tafi sun tafi gida sun yi barci,
ba su san mai rabo da ƙaramin ludayi
shi ke kallon idon wanda bai samu ba.
Na ja layi a ƙarƙashin na tara.
Na goma sunansa Tasi'u.
Maki ɗaya tal.
Na ninke wasiƙarsa, na warware, na sake ninkewa.

Da safe, kafin shayi ya huce, aka buga ƙofa.
Sabitu ne, hannu baƙi da roba.
Bai tambayi nawa aka tara ba.
Ya ce, wane ne a ƙasan layi?
Na faɗa.
Ya ajiye leda a kan littafin, ɗaure da kyauro,
ya ce kar in rubuta.

Ni kuwa ma'aji ne, dole layi ya ci wani abu.
Na rubuta: daga mai cokali.
Na goge layin jiya, na sauko da shi taki ɗaya.

Saura talatin da uku.
Na feƙe fensir,
na nemo lambar Barista.