Kilo Nawa Ne Inuwa?

Babana Barau matuƙin igiya ne.
In ya hau Kufena yankan moɗa
ganye uku yake cira a kowane gindi,
ya bar na tsakiya, ya ce wannan na baɗi ne.
Ya jiƙa, ya bubbuge a falalen dutse,
ya murza a cinya har gashin wurin ya ƙare.
Igiyarsa ta ɗaure akuyar Lantana shekara shida,
akuyar ce ta riga mutuwa.

Ni da diga na hau.

Wata Talata mota ta tsaya a hanyar Wusasa,
mai ita ya rataye sikeli a reshen darbejiya,
ya ce shi har saiwa yake so.
Wai a birni cikin tukunya ake dasa ta,
wai wasu zarenta suke nema.
Ban bi ba'asi ba.
Taki ya yi tashin gwauron zabo,
ga kuɗin jarrabawar Asabe a wuyana.

Mu bakwai ne, da Cindo da 'ya'yan Jatau.
Mu tono, mu kakkaɓe, mu cusa a buhu,
mu sauko muna wasa da dariya.
Kafin hadarin farko ya haɗu a gabas
mun aske gefen dutsen nan
kamar kan jariri ranar suna.

Ashe moɗa uwar goyo ce, ban sani ba.
A gindinta 'yan ararrabi ke rarrafe,
a inuwarta tsada ke koyon tsayuwa,
ɗan ganyen da iska ta kwaso
nan yake maƙalewa ya ruɓe ya zama abinci.
Ƙasar da ke cikin tsagar dutse,
wadda ba ta wuce cikin tafi biyu ba,
saiwarta ce ke riƙe da ita amana.

Ruwa ya zo cikin dare.
Da asuba na ga ƙasar Kufena a kwararo,
ja wur, tana gangarawa rafi,
ko sallama ba ta yi mana ba.

'Yan ararrabi rana ta soye su a tsaye.
Gamba ta yi shekara ɗaya tana jira, ta haƙura.
Fakarar da ke ƙwai a cikin duhuwar
ta bar mana ɓawo biyu ta tafi.
Zuma ma ta rage zuwa,
Cindo ya sauke amyarsa fayau kamar ganga.
Yanzu ƙarangiya ce da tumfafiya a wurin,
baƙin da ba sa jiran gayyata.

Mai sikeli ya koma wani dutsen.
An ce can ma yana biya a kan kari.
Har yau ina so in tare shi in tambaya:
da ka auna ganye, ka auna saiwa,
kilo nawa ka rubuta wa inuwa?

Jiya na sayo igiyar roba a Sabon Gari,
shuɗiya, mai santsi,
akuya ta kwance ta kafin la'asar.

Akwai wata tsaga can sama, bayan kogon rema,
inda bakin digata ya kasa shiga.
Gindi uku suka tsira a ciki.
Na leƙa ranar Juma'a, ɗaya ta fid da 'ya,
ga wani ɗan tsiro a gefenta, ganye biyu,
ban ma gane ko ɗan waye ba.

Ban faɗa wa Cindo ba.
Ban faɗa wa kowa ba.