Talata a Ɗakin Wankin Ƙoda

Sau uku a mako nake zuwa asibitin nan na Kadif,
hawa na biyu, kujera ta bakwai, jikin taga.
Awa huɗu ana zare mini jini,
a wanke shi a inji, a dawo mini da abina,
kamar mai riga ɗaya da ya kai wanki
ya zauna gindin igiya yana jiran ta bushe.

Injin da irin kukansa: ƙit, ƙit, sai tsaki.
Na haddace shi fiye da lambar wayar 'yata.

Ran wata Talata sai ga wata tsohuwa, Nerys,
kai fari fat kamar audugar da aka shiɓe,
tana turo wani abu a kan taya, lulluɓe da bargo.
Na ce a raina: wani injin kuma?
Wa za a jona wa wannan?

Ta yaye. Ashe itace ne, ya kusa kai ni tsayi,
wuya a tanƙware irin na raƙumi,
tsirkiya jere reras kamar zare a masaƙa.
Garaya ce, amma wadda ta ci ta ƙoshi.
Ta jingina ta a kafaɗa
yadda ake rungumar jikan da barci ya sace.

Ba ta tambayi sunan ciwon kowa ba.
Ƙirjinmu ta kalla, yadda yake hawa da sauka,
ta kama kiɗan daidai da hakinmu,
sannan ta riƙa ja da baya, kaɗan, kaɗan,
mu kuma muka bi ta ba mu sani ba,
kamar awaki bayan mai dusa.

Ni dai ruwa na ji.
Ba wannan na taga ba, da ba ya gajiya da zuba.
Ruwan jigon babana a fadamar Kura,
guga ya tashi, ya juye, ya bi kwari,
ya shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya.
Na dubi jan tiyon da ke hannuna,
karon farko ban kawar da kai ba.
Na ce: ashe ban-ruwa ne ake yi mini.

Mista Pugh na kujera ta shida,
tsohon leburan tashar jiragen ruwa,
wata tara muna maƙwabtaka, ko sannu babu.
Sai ga leɓensa na motsi
da wani yare da ba Turanci ba,
hawaye na bi ta cikin gemu
bai ko kai hannu ya share ba.

Nas Marisol ta zo awon jini,
ta dubi allo, ta dube ni, ta sake duban allo.
Ba ta ce komai ba, ta rubuta,
ta wuce da sanɗa kada takalminta ya yi ƙara.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba:
ƙodata ba ta farka ba.
Sunana na nan a layin masu jiran dashe,
gishiri haram, ayaba sai kallo,
ruwan sha ma da ƙidaya, kofi uku a wuni.
Wannan kaɗai ne ruwan
da likita bai auna mini ba,
na kuwa sha har na yi gyatsa.

Da ta gama na ga yatsunta:
gaɓoɓi sun kumbura, kanta ta fito a baki-baki.
Na ce, Baba, me ya kawo ki cikin marasa lafiya?
Ta nuna kujerar da nake kai.
Ta ce, "Idwal, maigidana. Shekara shida a nan.
Ya ce ƙarar injin ce ta fi allurar ciwo."
Ta ja bargo ta rufe garayarta.

Aka cire mini allura, aka danna auduga.
Ina laluben sandata a ƙarƙashin kujera
sai na ji murya daga ta shida, a dishe:
"Tanimu, ko? Sai Alhamis."