Abin da Bango Ya Ɓoye

A Preston, a lungun da ke bayan kasuwar kifi,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
Hester Tunstall ta ajiye min littafi a kan tebur
kamar mai kwantar da majinyaci gaban likita.
"Na kakan kakana ne," in ji ta. "Bayansa ya karye."

Ɗinki ne sana'ata, amma ba na riga ba.
Zare, allura, ruwan manne, sai haƙuri.

Na buɗe. Huɗubar wani fasto ce, ɗan Furotesta,
shekara ɗari huɗu a kabari, har yau bai huce ba.
Kowane shafi tafasa yake:
ku masu durƙusa wa itace,
masu auna gafara a mudu kuna sayarwa,
masu roƙon Allah da harshen da talaka ba ya ji.
Duk inda aka ambaci Fafaroma
wani ya bi da farce ya ƙwaƙule.

A gefen shafi, da tawada mai launin tsatsa,
wani siririn hannu na ta mayar da martani:
Ƙarya ne.
Wannan ma ƙarya ne.
A shafi na casa'in alƙalamin ya huda takardar.

Hester ta ce matarsa ce, Bridie, 'yar Katolika,
mai ɓoye carbinta a tulun gari.
Ta haifa masa bakwai, suka binne uku tare.
Tukunya ɗaya, bargo ɗaya,
ran Lahadi kowa ya kama titinsa.
Yanzu ma katanga ce tsakanin kaburburansu.

Da dare na jiƙa bangon, na ɗaga fatar sannu-sannu.
Can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa,
sai ga wata fatar da ta girme ta,
rubutun Latin, ja da baƙi,
addu'ar asuba ta sufayen da aka kora,
aka yaye rufin ɗakinsu,
aka sayar da littattafansu buhu-buhu.
Maɗinkin farko ya same ta da araha,
ya yanka, ya yi wa huɗubar ƙashin baya.

Ashe duk wannan zagi
a kan addu'ar wanda ake zagi yake tsaye.
In na zare ta, shafuka su watse
kamar an sheƙe ƙaiƙayi.

Da gari ya waye na buga wa Hester waya.
Na ce a raba su? Gidan tarihi zai so tsohuwar.
Ta yi shiru, ina jin butarta na kuka a kan wuta.
"Mayar da ita inda ka same ta," ta ce.
"Sun saba."

Na goga wa zare kaki.
Allura ta ratsa fasto, ta ratsa sufi,
ta bi ta ramin da Bridie ta huda,
ta fito.
Na ja, na ƙulle.
Manne zai kwana biyu kafin ya bushe.