Mayafin Teburin Sulhu

Wata bakwai ke nan da ya zo shagona a Kasuwar Barci,
mai baƙar kwat, da fayil a hammata.
Ya ce in ɗinka mayafin tebur, fari, kamu goma sha biyu,
na ranar da maƙwabtan nan za su sa hannu.
Ya ba ni rabi, ya ce ciko sai an kammala.
Har yau ban sake ganinsa ba.

Kwana tara na yi a kansa.
Na bi bakinsa da zare ruwan toka
don kada a ce na ɗauko launin tutar wani.
Ko kayan auren ɗiyata ban yi wa wannan hidima ba.

Jatau, mai kai musu shayi a otel ɗin bakin kogi,
shi ke kawo min labari bayan isha'i:
mako guda kan wa zai fara shiga,
sai da aka fasa bango aka yi ƙofa ta biyu.
Mako uku kan kalma ɗaya,
waɗannan na cewa janyewa, waɗancan na cewa komawa,
muryar tafinta ta dushe,
baki bai zo ɗaya ba.

Motar Sallau, mijin ƙanwata, na can kan iyaka,
albasa ta tsiro cikin buhu.
Ya bugo waya, ya ce in saurara.
Na ce, hadari ne?
Ya ce, Tanimu, wannan ba tsawa ba ce,
bara ma ba mu ji irinta ba.

An ce harshe da haƙori sukan saɓa.
Gaskiya ne, amma baki ɗaya suke kwana,
ban ga wanda ya tashi ya bar wa wani ba.

Jiya rediyo ya ce an ɗage zama sai bayan salla.
Bai faɗi wace sallar ba.

Na sauko da shi daga kan kanta, na kakkaɓe.
Hannun tela ba ya rabuwa da awo:
kafin in ankara na lissafa
likkafani nawa zai fita a ciki.
Na yi a'uzubillahi, na ninke shi,
na tura almakashi ƙarƙashin keke.

Ku gaya wa masu kwat yana nan, fari fat.
Ban yanka ba.