Sandar Tankari

A rumfar Nomau, bayan tashar Tawa,
dala biyar muke biya mu zauna ƙasa,
injin wuta na tari daga waje,
talabijin guda, mu arba'in, da warin zufa.
Nan muka ga wani mai baƙar kwat
ya zaro alƙalami kamar zai sa hannu,
ya latsa kansa, tau!
Mai gadi ya zube kamar buhun gero.
Muka yi ta sowa har Nomau ya ɗauko bulala.

Wani dare laima ce ta yi aman wuta,
wani dare akwatin hoto: yi murmushi, sai gawa.
Ba makara, ba zaman makoki.
Wanda aka kashe ran Laraba
ran Juma'a ga shi a wani fim yana tuƙa mota.

Muka koma lakwal muna harbin juna da bik.
Arzika ya fi kowa iya mutuwa,
sau tara yake faɗuwa kafin a tashi,
ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya sayi ƙosai.

Shekaru suka ja, na gaji zugazugin ubana,
ina ƙera hauya da wuƙar yankan albasa.
Wata Lahadi, kasuwa ta cika ta batse,
Tankari mai fataucin shanu ya shigo da sanda.
Ya ce, "Riƙe ka ji."
Nauyinta ya ja hannuna ƙasa.
Waje fata ce, da tuntu ja da kore,
ciki bututun ƙarfe, da ƙusa, da harsashi ɗaya
kwance kamar kububuwa a ramin ɓera.
Ya ce ƴan fashi sun ishe shi a hanyar Abalak,
can nesa aka yi masa ita, kunamar ce ke gardama,
in duba.

Na ce, "Wuƙa ta yarda ita wuƙa ce,
takobi ko yana kube an san shi.
Ba ni taɓa ƙarfen da ke ɓoye sunansa."
Ya yi dariya, ya dogara ta, ya fita.

Kwana shida.
Ya jingine ta a bencin mai shayi, zai yi alwala.
Akuya ce ta gifta, in ji waɗanda ke wurin.
Sanda ta zame, kamar kowace sanda.

Ƙarar ba ta kai ta rumfar Nomau ba,
wasu sun zaci tayar keke ce ta fashe.
Mai shayin Arzika ne.
Buta na tafasa, madara a buɗe,
muka tsaya a kansa, mu da muka san shi,
kamar muna jira ya kakkaɓe wando.

Jandarma ya zo, ya zaro bik daga aljihu,
ya latsa kansa.
Wallahi sai da na ja da baya.

Har yau ina tambayar garwashi:
da na gyara kunamar, da ba ta tashi ba?
Da na fizge ta na karya bisa uwar maƙera?
Garwashi sai ya yi ja, ya yi toka.

Yanzu in tsoho ya zo gaisuwa da sanda,
ina amsa masa, lafiya lau,
idona na kan yadda take nutsewa cikin rairayi.