Kai Tara

Gidanmu yana rataye a tudun Valparaíso,
ƙofa huɗu, mitar ruwa ɗaya.
Tana ƙarƙashin matakala cikin akwati mai tsatsa,
tana ta juyi, ba ta san sunan kowa ba.

Ni ce mai riƙon littafi. Ba wanda ya naɗa ni,
na dai fi kowa daɗewa, kuma ina da tabarau.
Takarda ta iso ran Talata, hazon teku ya jiƙa ta:
peso dubu hamsin da huɗu.
Dokarmu tsohuwa ce, kai ake ƙirgawa.
Kai tara, kowanne dubu shida.

Aliro ya sauko da warin kifi a rigarsa:
rabin wata yana kan teku, in ji shi,
don me zai biya ruwan da bai sha ba?
Yasna ta leƙo daga bene:
to wa ke wanke kwandunan kifi a tsakar gida,
tiyo a buɗe har ruwa ya kai bakin titi?
Ya nuna igiyar shanyarta da haɓa.
Tsumman jariri goma sha uku, ya ƙirga.
A sa jaririn a lissafi!
Na yi shiru, don ni ma ina da tukwanen fure
da nake shayarwa in gari ya yi tsit.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Da yamma Don Eleuterio ya ƙwanƙwasa,
ambulan a hannu, dubu goma sha biyu,
kamar kowane wata tun da aka binne Fresia.
Na ce, ai kai kaɗai ne yanzu.
Ya ce, ta fi ni daɗewa a wanka,
ya juya yana lalubar bango.

Daren nan na buɗe littafin.
Ban goge sunan Fresia ba, hannuna ya ƙi.
Ƙarƙashinsa, da fensir, ƙanana-ƙanana,
na rubuta Amaro, ɗan kwana arba'in.
Na sake haɗawa. Tara.

Gobe zan ce wa Aliro an sa jaririn,
in ce wa Yasna ba a ƙara mata ko kwabo ba,
kuma ba wanda na yi wa ƙarya.

Can sama wani ya buɗe famfo.
Ina jin mitar, ƙis, ƙis, ƙis.
Ban tashi na duba ko waye ba.