Ragowar Zare

Suwaitar gwanjo ce, ja,
Mati ya sayo ta a Gujungu shekarar da ruwa ya ci mana gero.
Da gwiwar hannunta ta mutu ban yar ba.
Na lalubo bakin zaren a wuya, na ja,
ta yi ta sakin kanta layi-layi
kamar mai ba da labarin da ba a tambaye ta ba.
Zaren ya fito a murɗe, yana tuna tsohon jikinsa.
Na jiƙa shi, na rataye, na ɗaura masa dutse,
sai da ya manta.

Kibiyoyina sifokin keke ne guda biyu,
Ilu maƙeri ya goge musu baki.
Ba ni da abin awo.
Kowa ya taka ƙasa in zana da kara,
in bi zanen da taƙi da yatsu.

Da Cindo na fara, shi ne ƙarami,
kuma yatsansa na shida na neman masauki.
Ido ashirin da huɗu, na ƙara biyu saboda baƙon.
Ya sa, ya ƙi cirewa,
ya bi awaki da ita har bakin rijiya,
ya dawo ƙarangiya ta fi zaren yawa.
Daren nan tsinta na yi, ba saƙa ba.

Diddige ne wuyar aikin.
Nan saƙa take karya kwana,
in ka yi gyangyaɗi ta wuce ta bar ka.
Sau ɗaya matar malamin asibiti ta nuna mini
kafin a ɗauke su zuwa Kafin Hausa.
Sauran, ni da fitila muka ƙarasa:
in saƙa, in warware, in saƙa,
har batir ya fara kashe ido.

Iya Kulu, ƙafafunta sun riga ta tsufa.
Ko an kai mata kaskon wuta
cewa take sanyin daga ƙashi yake fitowa.
Faso ya tsaga diddigenta kamar fadama bayan janyewar ruwa,
shi ya sa na ninka mata tafin.
Ba ta gani sosai. Ta shafa, ta shafa,
ta ce, "Nan ranki a ɓace yake, kin matse zaren.
Nan kuma kin huce."
Na sunkuyar da kai.

Mati kuwa dariya ya yi:
"Ni da safa? Sai ka ce ɗan ƙwallo!"
Alhali shi ke kwana ban ruwan alkama,
ya shigo da asuba, ƙafa kamar gindin randa.
Jan zare ya ƙare a tsakiyar ta hagu,
na cike da kore daga wata hular jarirai.
Na ɗora su kan buhun shinkafa, ban ce ga naka ba.
Da hantsi na ga ƙafa biyu sun leƙo daga bargo,
ɗaya ja, ɗaya rabi-rabi.
Na riƙe dariyata sai da na kai madafa.

Yanzu gidan ya yi shiru,
kowa da ɗuminsa a ƙafa.
Saura gutsattsari a gwangwanin madara:
ja kaɗan, kore kamu ɗaya,
ruwan toka daga ta Iya,
shuɗi ban ma tuna na waye ba.
Ina ƙulla su baki da baki,
ƙullin zai ɗan sosa ni in na taka, na sani.

Na taka ƙasa, na zana da kara.
Ashe ban taɓa auna ƙafata ba.
Taƙi ɗaya da yatsa uku.
Zaren ba zai kai idon sawu ba,
amma zai rufe yatsu,
sanyin Auyo kuma ta nan yake fara shiga.